Neman shawara: mu shida za mu hau hanyar Pamir da keke, kwanakinmu sun yi kaɗan

Sagiru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar nan, kuma abin ya fara hana ni barci. Da farko mu tara ne, uku suka janye saboda aiki, ɗaya ya dawo, wani kuma ya fita bayan an raba kuɗin tanti, har yanzu maganar ba ta mutu ba. Mun riga mun yanki tikitin jirgi, ba ya canzuwa. Shirina shi ne daga Korog zuwa Murgab a Tajikistan, kimanin kilomita 310, mu yi shi cikin kwana uku, sannan mu wuce mashigar dutse ta Ak-Baital mai tsayin mita 4,655. Mutum biyu a cikinmu ba su da sauri. Kekena na tsere ne, ƙaramin faranti na gaba haƙora 34, babba na baya 28. Mu raba tawagar biyu ko mu tafi tare?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Sagiru, bar maganar rabuwa tukuna, giyarka ce matsala. Da 34 da 28, duk zagayen feda ɗaya taya na juyawa sau ɗaya da ɗoriya. Da kaya kilo 25 a kan hawa, gwiwa ba za ta ɗauka ba, turawa za ka yi. Nemi 22 ko 24 a gaba, 34 ko 36 a baya. Sai dai ka sani canjin zai ja maka sabon abin sauya giya na baya mai dogon hannu, da sabuwar sarƙa, wataƙila har na gaba. Tayarka nawa ce faɗinta? Ba ka faɗa ba. Hanyar akwai kwalta, amma ta farfashe, wajen mashigai kuma tsakuwa ce da gargada. Ƙasa da milimita 45 wahala ce, kuma yawancin kekunan tsere ba sa karɓar wannan faɗin.

Hajiya Rabi: Malam Habu, giya ba ta kashe mutum, ciwon tsayi na hawan duwatsu yana kashewa. Korog tana wajen mita 2,100. In aka yi kilomita ɗari a rana, daren farko za a kwana kusa da mita 3,000, washegari a ƙetare mashigar Koi-Tezek mai mita 4,271, a kwana kusa da 3,900. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa: bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma a huta yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu. Wanda ya kamu da ciwon kai da tashin zuciya ba ya ƙara hawa. Wanda ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Kwana shida ya kamata, da hutu a ƙauyen Jelondi kafin Koi-Tezek.

Sagiru: Hajiya, na gode, amma dukkanmu muna da horo, kilomita ɗari ba komai ba ne a wurinmu. Kuma in na ba da kwana shida, Ak-Baital ta fita daga lissafi. Malam, tayar milimita 32 ce, kuma da ita na saba.

Hajiya Rabi: Ƙanena, ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tsayi. Mai ƙarfi ma ya fi saurin hawa, shi ya sa yake jefa kansa ciki.

Ɗanjuma: Abin da ke ɓata min rai da tafiyar taro ke nan. Masu sauri su isa ƙwanƙolin tudu su huta minti ashirin, na baya na isowa sai su miƙe. Mai rauni shi ne ba ya samun hutu. Ku rabu kawai, kowane rukuni da famfonsa, da faci, da risho, da matatar ruwa, ku sa wurin haɗuwa kowace yamma.

Malam Habu: A'a, Ɗanjuma. Rabuwa na nufin ninka kayan gyara, nauyi kuma shi ke karya sifok. Waya ba ta kamawa a wurare da yawa, wa zai san an tsaya? Ku tafi tare, masu ƙarfi su karɓi kilo biyar-biyar daga masu rauni, mai kayan gyara ya zama na ƙarshe. Wilin baya ya kasance mai sifok 36. Ku riƙe sifok na canji daidai tsayin kowane wili, da abin kwance haƙoran baya, domin sifok na ɓangaren sarƙa ne ya fi karyewa kuma ba ya sawuwa sai an cire su. Ku ɗauki maratayin giya (ƙarfen da ke riƙe abin sauya giya na baya) na canji ga kowane keke, ba ɗaya ba ne a duk kekuna. Notunan kariyar ɗora kaya M5 ne (kaurin milimita 5), gargada na kwance su, a duba kowace safiya. A gangara kada a danne birki a riƙe. Rim na zafi har tif ya fashe. A kama, a saki.

Ummi: Ba wanda ya taɓo sanyi. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, ruwa na iya daskarewa da dare ko a watan Yuli. Matatar ruwa in ta daskare ta lalace a ciki ba ka gani, a kwana da ita cikin jakar barci. Gas na butane ba ya kamawa sosai kusa da sifili, rishon fetur ya fi. Maganar Diamox, maganin ciwon tsayi, kuma a je wa likita kafin tafiya. Ni dai ku ɗauki hayar mota ta bi ku da kaya.

Malam Habu: Mota ita ce ke kai mutum sama da sauri fiye da yadda jiki zai saba. Ba na goyon baya.

Sagiru: Mota ba ta cikin kasafinmu, keke kuma ba zan iya canza shi yanzu ba. In na sa 34 a baya kawai, na bar gaba yadda yake, muka yi kwana huɗu maimakon uku, zai yiwu? Kuma har yanzu ban ji matsaya ɗaya kan rabuwar ba.