Wai ya ake saka waka a cikin faifan garmaho?

Dan Ringim: Salam yan uwa, na tsinci tsoffin fayafayen garmaho a akwatin kakanmu, ba batir ba komai sai layi layi, wai ta ina wakar take shiga ne?

Na Kazaure: Ai yanka ta ake yi dan uwa. Akwai inji da ke juya faifan alminiyam mai shafe da wani fenti mai laushi, sai allura mai zafi ta bi tana karta, sauti ne ke girgiza ta, girgizar ce layin nan da ka gani. Daga shi ake fitar da na karfe a dinga danna narkakkiyar roba kamar hatimi. Injin Neumann na Jamus ne ya fi suna.

Baban Ummi: Hakane. Kuma sai an rage karfin ganga kafin yankan, in ba haka ba allura tsalle zata dinga yi. Duba lambar da ke jikin naka, wato sau nawa yake juyawa a minti daya, in 78 ne tsoho ne sosai, me 33 sai 1948 kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka.

Dan Ringim: 45 na gani ajiki Baba

Baban Ummi: Na bayan 1949 ne. Karka barshi a rana dai, lankwashewa yake yi.