Shawarwarin masu ziyarar gidan Nomura a Kanazawa

Waɗanda suka ziyarci gidan Nomura, tsohon gidan samurai (mayaƙan Japan na dā) a unguwar Nagamachi ta Kanazawa a Japan, bakinsu ya zo ɗaya: a yi sammako. Lambun gidan ɗan ƙarami ne, da jama'a sun taru sai hoto ya cika da kawuna. A ƙofa ake cire takalmi, saboda haka a sa safa mai tsafta.

Wata ta ce a zauna bakin baranda, a sauke kyamara ƙasa-ƙasa, a jira kifayen koi, wato kifayen ado masu launi-launi, su gitta kusa da fitilar dutse. Wannan shawarar ta fi kwanta mini. An ɗan yi saɓani kan ranar ruwa, amma masu sonta sun ce a lokacin gansakuka ke yin kore shar. Akwai ɗakin shayi a sama, kada a wuce shi.