Alewar Asiya mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, na yi odar kayan cefane ta intanet sai na haɗa da alewoyin nan na Asiya, ta laici da ta mangwaro da wata ta duriyan. Ta laicin ta yi min sosai, ƙamshi kamar fure ga zaƙinta baya hawa kai, amma ta duriyan ina buɗe ledar yara suka watse. Haka take ko lalacewa ta yi a hanya?

Ɗan Fagge: Haka take Hajiya, lafiyarta ƙalau. Shi kansa duriyan ɗin a Singafo an hana shiga jirgin ƙasa da shi saboda warinsa.

Anti Ladi: 'Yar uwa ki dinga duba bayan leda kafin ki ba yara, masu taunar nan irin Hi-Chew ta Japan ana sa musu jelatin, wani na alade ne. Ki nemi mai tambarin halal na Malesiya ko Indonesiya, hankalinki kwance.

Ummi: Gwada ta tsamiya 'yar Tailan, da gishiri da ɗan barkono a jikinta, tsami na ratsa haƙori amma ba kya iya ajiyewa wallahi.