Ciwon mafitsara alhali fitsari fes: wace ce magani ya karɓa?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina fama. Da mafitsara ta cika sai mara ta ɗau zogi, in na yi fitsari ya lafa, kafin rabin awa ya dawo. Dare guda nakan tashi sau shida. Duk gwajin da aka yi babu ƙwayar cuta, amma na sha antibayotik har na gaji. Yanzu likita ya ce ciwon da suke kira interstitial cystitis ne, ya ɗora ni kan amitriptyline. Don Allah waɗanda suka sha, ya karɓe ku? Ana iya gane wadda zai karɓa tun farko?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ni bai yi min komai ba sai bushewar baki. Sai da aka zura kyamara ta hanyar fitsari aka ga wani jan miki a bangon mafitsarar, mikin Hunner. Aka ƙone shi. Cikin sati guda na yi barci har asuba, na farka ina mamakin kaina. Likitan ya ce ba kowa ke da mikin ba, an fi samunsa ga waɗanda suka haura 50, kuma masu shi sun fi kowa jin daɗin ƙonawar. Sai dai yana dawowa. Nawa bayan shekara ɗaya da rabi aka sake.

Uwar Gida: Ni kuwa amitriptyline ɗin ya karɓe ni, amma da haƙuri. Da miligiram 10 na fara, sai da aka kai ni 50 na ga bambanci. Satin farko kamar an ɗaura min dutse a ka.

Anti Malama: Maman Biyu, an taɓa danna miki tsokokin ƙasan mara daga ciki? Ni kyamara ba ta ga komai ba. Wata likita ce ta sa yatsa ta danna gefe guda, na kusa faɗowa daga gadon, ciwon nan nawa ne sak. Ashe tsokokin ne a ɗaure tamau. Ta tura ni wajen masu fisiyo, wato masu gyaran tsoka da gaɓoɓi a asibiti, wata uku ana sassauta su da hannu. Ta kuma hana ni atisayen matse tsokokin ƙasan mara da ake kira Kegel, wanda da ni kullum nake yi, ina zaton gyara nake. Abin da ya fi ba ni haushi, binciken bai kai minti biyar ba, amma shekara huɗu ba wanda ya yi min.

Ƙanwarku: Nawa ya haɗu da ciwon jiki ko'ina da rikicin hanji. Maganin da ake ɗurawa a mafitsara kwana biyu yake min, shi ke nan. An ce masu irin nawa sai an bi ta jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, da gyaran barci. Barin kofi ya ɗan rage.

Maman Biyu: Allah Ya saka da alheri. Anti, wallahi ba a taɓa dannawa ba. Ranar Litinin zan koma, zan tambaya. Hajiya, kyamarar nan ana sa mutum barci ne ko ido biyu ake yi?