Marsandi SL500 Ta Durƙusa: A Gyara ABC Ko A Cire Shi?

Mai motar: Assalamu alaikum, jama'a. Marsandina SL500 ce ƙirar 2003. Mako guda ke nan duk safiya ina tarar da ita ta durƙusa ta gaba, ɓangaren direba, har taya ta kusa taɓa bodi, amma da na tayar da inji sai ta miƙe tamkar babu abin da ya faru. Bakaniken da ya duba ta ya ce gyaran ABC (Active Body Control, tsarin da ke riƙe tsayi da daidaiton motar da matsin mai) zuba ruwa a kwando ne, gara a cire shi dungurungum a sa shokozoba mai sifirin irin ta sauran motoci. Ina neman shawararku.

Mai sayar da kayan gyara: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ya faɗa maka. Tsarin da aka fara sa wa Marsandi ƙirar CL a 1999, aka kawo shi SL a 2001, yau duk wani tiyo da roba da ke cikinsa sun haura shekara 20, kuma mai yana bi ta cikinsu da matsin da ya kai kimanin "bar" 200 a ma'aunin matsi. Ka gyara bawul yau, gobe tiyo ya fashe, jibi famfo ya fara kuka. Kayan Beljiyam da za ka saya kuwa sa'annin naka ne a shekaru.

Injiniya: Malam, ban yarda ba, domin alamar da Alhaji ya bayyana ba ta mutuwar tsari ba ce. Motar da ke sauka da dare ta tashi da safe, alhali babu ɗigon mai a ƙasa, galibi robobin bawul ɗin gaba ne suka saki, mai yana sulalewa ya koma tanki. Ana kwance bawul ɗin a wanke a canza robobin. Alhaji, don Allah buɗe tankin man ABC ka tsoma farar takarda. Man Pentosin CHF 11S kore ne shar idan sabo ne. Idan ya fito ruwan ƙasa ko baƙi, to dattinsa ne ke cinye robobin, kuma yawancin motocin nan ba a taɓa canza musu mai da filta ba tun fitowarsu daga Jamus.

Mai motar: Na duba yanzu, Injiniya. Baƙi ne ƙirin kamar tsohon man inji, amma bai ragu ba.

Tsohon mai SL: Ni na bi shawarar cirewa shekara uku da suka wuce, kuma ina so Alhaji ya san abin da ba a faɗa mini ba. Motar da ta zo da ABC ba ta da sandar ƙarfen nan mai hana mota karkata a kwana, saboda mai ne ke yin wannan aikin. Aka sa mini sifirin ba a sa sandar ba, sai ga mota mai nauyin sama da kilo 1,800 tana kwanciya a shataletale har matata ta riƙe ƙofa. Dole na nemo sandunan SL350. Famfon ma tagwaye ne, shi ke ba sitiyari mai, don haka sai da aka canza shi. Abin da na fi kewa shi ne maɓallin ɗaga mota, wanda nake dannawa kafin in hau tudun rage gudu na layinmu. Yanzu sai na karkace, duk da haka ina jin ƙasanta yana gurza siminti.

Mai sayar da kayan gyara: Amma Alhaji, tun da ka cire, jan gargaɗin ABC ya sake tsayar da kai a hanya?

Tsohon mai SL: Ko sau ɗaya, kuma wannan ba zan musa ba. Sai dai motar da nake tuƙawa yanzu ba ita ce wadda na saya ba.

Injiniya: Inda nake tare da Malam shi ne idan famfo ya mutu ya watsa burbushin ƙarfe cikin tsarin, ko shokozoba biyu suna yoyo lokaci guda, a nan lissafi ya sauya. Ta Alhaji ba ta kai can ba. A canza mai da filta, a gyara bawul, sannan a sauya ƙwallayen iskar naitirojin masu shanye bugun mai, domin idan suka mutu tiyo ne ke ɗaukar dukan har ya fashe.

Mai motar: Na gode ƙwarai. Zan fara da mai da bawul ranar Asabar, kuma zan auna tsayinta daga ƙasa da dare, in sake aunawa da asuba, in kawo muku alƙaluman.