Ɗaukar ɗan jagora a birnin Fas: larura ce ko zubar da kuɗi?

Aminu: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Bayan ƙaramar Salla, in Allah ya yarda, zan kai Inna Maroko, domin ta daɗe tana burin ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas. Kamfanin da ya shirya mana tafiyar ya ce zai iya haɗa mu da ɗan jagora namu mu kaɗai na kwana uku, amma da kuɗi dabam. Ra'ayina shi ne, a zamanin da taswirar kowane gari take cikin wayar mutum, ɗaukar jagora zubar da kuɗi ne, balle idan aka duba abin da naira take zama in an mayar da ita dirhami. Matambayi ba ya ɓata, kuma ina jin Larabci daidai gwargwado.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Aminu, ban yarda da kai ba, domin na taka garin da ƙafata. Tsohon birnin Fas ba kamar unguwarku ta Mabera ba ne, inda za ka tsayar da mai babur ya ajiye ka ƙofar gida. Mota ba ta shiga cikinsa, jakai da alfadarai ne suke ɗaukar kaya, lungunansa kuma dubbai ne, wasu ma sai ka manne da bango kafin alfadari ya wuce. Na shiga ta Ƙofar Bujlud da wayata a hannu, amma saboda tsawon bangaye da rufin kasuwa sai alamar da take nuna inda nake ta riƙa tsalle daga wannan lungu zuwa wancan, har la'asar ta same ni ban kai zawiya ba. Larabcin da muka karanta a zaure kuwa dabam yake da Darija, wato Larabcin mutanen Maroko da ake yi a kasuwarsu, wadda ta gauraya da Faransanci da harshen Berber. Za su fahimce ka, amma kai ne za ka sha wuyar fahimtar amsarsu.

Hajiya Balkisu: Allah shi gafarta Malam, ɓatan da ka yi gaskiya ne, amma ni jagoran ne ya ɓatar da ni. Mun biya shi ya kai mu wuraren ziyara, sai ya fara da shagon dardumai, aka zaunar da mu, aka kawo shayi da na'ana'a, aka yi ta shimfiɗa mana darduma ɗaya bayan ɗaya har kunya ta sa abokiyar tafiyata ta sayi wadda ba ta da niyyar saye. Ni 'yar kasuwa ce, shekara da shekaru ina harka a Babbar Kasuwar Sakkwato, kuma na san kallon da dillali yake yi wa mai shago idan la'adarsa ta faɗa. Daga can ya wuce da mu wurin masu turare. Zawiyar da ta kai mu garin, minti kaɗan ya ba mu a cikinta yana duban agogo.

Malam Usman: Hajiya, abin da ya same ki abin takaici ne, sai dai laifin mutum ɗaya ne ko na rashin sharaɗi tun farko. A Maroko jagora na gaskiya yana da lasisin hukuma da katin shaida, kuma dabam yake da samarin da suke tare baƙo a bakin ƙofa. Ni abin da ya sa nake goyon bayan Malam Sani ya wuce batun ɓata hanya. Mutum zai iya wucewa ta ƙofar masallacin Ƙarawiyyin bai san cewa mace ce, Faɗimatu al-Fihri, ta kafa shi a shekarar 859 ba. Zai iya tsayawa a saman shagunan fata yana kallon majemar Shuwara, ganyen na'ana'a a hancinsa saboda wari, bai tuna cewa fatar jar akuyarmu ta Sakkwato ce ayari yake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko ba. Kakanninmu fatake ma, duk da sun san hanya, ba su tashi ba tare da madugu da jagaba ba, kuma in sun sauka a gari sai sun nemi fatoma, wato mai masaukin da yake yi musu dillanci.

Hajiya Balkisu: Malam Usman, fatoma ma da la'ada yake ci, amma kowa ya san da ita, ba a ɓoye take ba. Sannan wannan tarihin fata da ka kawo, kai ne ka san shi saboda karatunka. Jagoran da ya saba da Turawa ba zai faɗa wa Aminu komai game da Sakkwato ba, kuma Inna ba tarihi za ta je nema ba, wazifa da addu'a za su kai ta kusa da kabarin Shehu.

Aminu: Gwaggo ta faɗi abin da ke raina. An gaya mini cewa kewayen zawiyar ba ya rabuwa da 'yan'uwa Tijjanawa daga Senegal da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma akwai ɗalibai 'yan Nijeriya da suke karatu a ƙasar. Me zai hana in nemi ɗaya daga cikinsu ya raka mu?

Malam Sani: To ai ka dawo kan maganata, ɗana, domin ɗalibin ma jagora ne, sai dai kana so ya bar darasinsa ya yini da ku a kan godiya. In ka same shi ka sallame shi da abin kirki, ban da ja. Amma ka tuna yadda muke yi da baƙinmu a nan. Wanda ya zo daga Kano ko Ilori ziyarar Hubbare, ba ma miƙa masa waya mu ce ya nemi kabarin Shehu Usmanu da kansa, ko ya kama hanyar Wurno shi kaɗai ya gano inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance. Haɗa shi muke yi da wanda ya san wurin da ladabinsa.

Baffa Ummaru: Duk kun yi magana a kan kuɗi da tarihi, ba wanda ya ambaci gwiwoyin Inna. 'Yar'uwata ce, na san ba ta iya tafiya daga gida zuwa masallacin unguwa sai ta huta a hanya. Malam Sani ya taɓa gaya mini cewa garin gangare ne, ana sauka daga ƙofa zuwa tsakiya, a dawowa kuma hawa ne. Kuskuren lungu ɗaya da saurayi zai ɗauka wasa, ita zai iya kwantar da ita kwana biyu a masauki. Tana bukatar wanda ya san ƙofar da ta fi kusa da zawiya inda mota za ta iya ajiye ta, da inda mata suke alwala, da lokacin da cunkoso yake raguwa. Aminu, in kuɗin ne ya yi maka nauyi, rabinsa a kaina.

Aminu: Na gode, Baffa, Allah ya ƙara girma. Zan ɗauki jagoran na rana ta farko kawai, in riƙe hanyar, sauran kwanakin mu je da kanmu.

Hajiya Balkisu: In haka ne, ka sa kamfanin ya rubuta maka a takarda cewa babu shiga shago ko ɗaya, ka nemi ganin katinsa kafin ku tashi, kuma kada ka cika masa kuɗinsa sai kun dawo masauki.

Malam Sani: Rana ɗaya ba ta isa mutum ya riƙe hanyar Fas ba, ni na kwana huɗu ina ɓata. Wace ranar mako za ku isa garin? In Juma'a tana cikin kwanakinku, ita ce ranar da za ka fi bukatarsa, saboda taron zikirin bayan la'asar.