Neman kalma: "thrombosis" ga masu sankara, gobe za a naɗi shiri

Mai Fassara, Gusau: Salam. Gobe da safe za mu naɗi shirin lafiya kan yadda likita ke gane mai sankarar da jini zai iya toshe wa jijiya bayan an fara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Na fassara "thrombosis" da "daskarewar jini", mai gabatarwa ta ce sai ka ce ƙanƙara. A taimaka.

Likitan Jini: Daskarewa aikin jini ne na kullum, da ita rauni ke daina zuba. Cutar ita ce ya dunƙule inda bai kamata ba. Ka ce "gudan jini a cikin jijiya". Ma'aunin Khorana na 2008, mai auna hatsarin kamuwa da wannan cutar, maki yake tarawa kafin a fara kemo: sankarar tumbi ko fankiriyas maki 2, huhu, mafitsara, mahaifa, maraina ko limfoma (sankarar kaluluwa) maki 1. A ƙara ɗaya-ɗaya in filetilet (ƙwayoyin da ke taimaka wa jini daskarewa) sun kai 350,000, fararen ƙwayoyin jini sun haura 11,000, himogulobin (sinadarin jajayen ƙwayoyin jini) ya gaza 10, ko ma'aunin ƙiba ya kai 35. Maki 3 babban hatsari ne, amma tun daga 2 ake tunanin rigakafi, kamar maganin hana gudan jini apixaban miligiram 2.5 sau biyu a rana. Mai sankarar tumbi a yi hattara, maganin kan jawo zubar jini.

Malamin Hausa, Argungu: Likita, fankiriyas kuma? Filetilet? Wanga ba Hausa ba ne. A ce saifa. Cutar kuma "kindirmon jini", na daɗe ina faɗa.

Likitan Jini: Malam, saifa wata gaɓa ce daban, ba ta cikin lissafin.

Nas, Ƙaura: Malam, ka ce wa majinyaci jininsa ya zama kindirmo, ba zai dawo asibiti ba. Sai dai "gudan jini" kaɗai mata ɓari za su ji, dole jijiyar ta biyo. Ku ambaci alamu: ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, in gudan ya ɓalle zuwa huhu numfashi ya yi sama-sama.

Malamin Hausa, Argungu: Mu nan "daji" muke cewa ma, sankara ta Kanawa ce. Kullum su ke yanke muna Hausa.

Mai Fassara, Gusau: Allah ya huci zuciyar Malam, zan faɗi duka biyun. Na ɗauki "gudan jini a jijiya" da "ma'aunin hatsari". Fankiriyas fa?

Malamin Hausa, Argungu: Bar shi hakanan, zuwa in tambayi mahauta.